Gwamnati ta biya malami, sauran daga aljihuna

A ƙarshen shekarar 2023 babu zauren WhatsApp da nake ciki da ba a turo sanarwar ba. Ta shigo na malaman makarantarmu, ta shigo na 'yan ajinmu, har na dangi inda ba a saba ganin komai ba sai katin biki da sanarwar rasuwa. Wai gwamnatin tarayya za ta koya wa mutum miliyan 3 sana'o'in fasahar zamani kyauta, a wani shiri da ake kira 3MTT. To mu an sha mu mun warke da irin wannan saƙo, don haka ban ko taɓa shi ba sai da ƙanena ya nuna min abu biyu. Adireshin shafin yana ƙarewa da gov.ng a ƙarƙashin NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, kuma babu inda aka ce a tura kuɗin fom. Shirin na ma'aikatar sadarwa ne da Dakta Bosun Tijani ke jagoranta, ita kuma NITDA, wadda Malam Kashifu Inuwa Abdullahi ke shugabanta, ita ke tafiyar da shi.

Ni malamar lissafi ce a wata makarantar kuɗi a Badarawa, da aure da 'ya'ya. Albashina a lokacin, in na cire kuɗin keke, abin da ya rage ba ya kai ni ashirin ga wata. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Cike fom ɗin bai ba ni wahala ba, a waya na yi shi. Suna, lambar NIN, jiha da ƙaramar hukuma, matakin karatu, sai fannin da kake so. Fannonin 12 ne, akwai rubuta manhaja, tsaron intanet, zanen fuskar manhaja, ƙirƙirarriyar basira, zanen katun mai motsi da sauransu. A nan mutane da yawa suka bi sunan da ya fi daɗin faɗa. Ni na zaɓi nazarin bayanai, saboda duk ƙarshen zango ni ake tara wa makin ɗalibai in haɗa in fitar da na ɗaya da na ƙarshe, na ga aƙalla ba baƙuwar lambobi ba ce ni.

Kashin farko mutum 30,000 aka ɗauka a duk faɗin ƙasa, masu nema kuwa sun haura miliyan 1. Sunana bai fito ba. A 2024 aka buɗe kashi na biyu mai mutum 270,000, a nan saƙon imel ya shigo cewa an ɗauke ni. Wata abokiyar aikina nata saƙon ya shiga akwatin saƙonnin banza, ba ta gani ba sai da aka yi nisa. Duk mai neman irin wannan abu ya riƙa leƙa wurin.

Abban yara bai ja magana ba. Tambayarsa ɗaya, ranar da za ki fita ajin, wa zai riƙe ƙaramin? Hajiyarsa ta ce a kawo mata shi. Wanda ya tsayar da ni shi ne Babanmu, da na je gaishe shi a Tudun Wada na ba shi labari.

"Baba, karatun kwamfuta ne, gwamnati ce ke biya."

"To madalla. In kin gama, wa zai ɗauke ki?"

"Sai mun nema, Baba."

"Au. Ba su da wurin da za su kai ku?"

Baba tsohon ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri ne. A tunaninsa koyon aiki da aikin kansa ba a raba su. Yana saurayi ya shiga, aka haɗa shi da wanda ya iya injin, yana koyo ana biyansa, ranar da ya iya aka bar masa injin. Haka Kaduna ta tashi tun da aka buɗe masaƙar farko a 1957, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, sai matatar mai a 1980. Ita kanta gwamnati a kan wannan tsari ta gina ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu, a 1971: kamfanin da ya kai wani girma ya biya wani kaso na albashin ma'aikatansa a shekara, in kuma ya horar da mutanensa a mayar masa da wani abu daga ciki. Wato kuɗin horo daga wurin mai aikin yake fitowa, kuma mai koyo ya san ƙofar da zai shiga. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta koyar, kai kuma ka fita ka nemi wanda ke buƙata. Ban faɗa wa Baba duk wannan ba, ya fi ni sani. Na ce masa a sa mu a addu'a, ya ce Allah ya yi albarka, ya ƙara da cewa in riƙe koyarwata da kyau.

Tsarin karatun kashi biyu ne, na tsawon makonni 12. Akwai darussan intanet da kake bi a lokacinka, da bidiyo da jarrabawa da ayyuka, sannan akwai haɗuwa ido da ido a wata cibiya da aka tura ka, inda malami ke duba abin da ka yi. Ba a karɓi sisina ba, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya taɓa tambayar kuɗin irin wannan kwas a cibiyoyi masu zaman kansu ya san ba ƙaramin abu aka ɗauke masa ba. Amma babu alawus. Na faɗi wannan da babbar murya saboda har yau akwai masu tsayar da ni su ce, Malama nawa suke ba ku a wata? Mutanenmu sun saba da N-Power, wanda aka fara a 2016 ana biyan masu digiri naira 30,000 duk wata, don haka duk shirin gwamnati da aka ce na matasa ne, da alat ake auna shi. Ranar farko a cibiya, da malamin ya ce babu kuɗi, wasu ba su ko jira an tashi ba.

Kuɗin da ni na kashe ta ƙofa uku ya fita, kuma ta kwamfuta ce ta fi zafi. Makonnin farko, lokacin da muke kan Excel, manhajar jera lambobi da lissafi, ana iya lallaɓawa da waya, ko da yake ido yana gaya maka. Da aka zo Power BI, ta mayar da bayanai zane, zancen waya ya ƙare, domin manhajar da ake aiki da ita a kan Windows kaɗai take tafiya. Yayana ya ara min tsohuwar laftof ɗinsa. Batirinta ya mutu tun tuni, in aka ɗauke wuta tare suke tafiya da duk abin da ban ajiye ba. Ƙwaƙwalwarta kuma gigabait 4 ce, in na buɗe manhajar sai in je in ɗora tukunya in dawo tana nan tana juyi. Na kai ta wajen masu gyara a bakin titin Ahmadu Bello, yaron ya buɗe bayanta ya ce, Anti, a ƙara mata ta koma 8, a sa batiri, za ki ji daɗinta. Kwasar adashina ta wannan zagayen a nan ta tsaya, kuma da ma na ɗauko ta da niyyar kuɗin makarantar babbar 'yata ne. Abban yara ya cike wancan gurbin, ba tare da ya ce komai ba, wanda a wurinsa magana ce.

Sai data. Bidiyo shi ke shanye ta. Dabarar da muka koya wa juna ita ce datar dare, wadda ake sayarwa da araha daga sha biyu zuwa asuba. In kwantar da yara, in sa ƙararrawa, in tashi in sauke darussan mako a mafi ƙarancin haske da ake iya karanta rubutu, in koma barci. Da safe ina gaban allo ina koyar da 'yan aji biyu lissafin kashi cikin ɗari ina hamma. Mu ma mun yi sa'a, don a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, waɗanda suka zo bayanmu da wannan farashin suka yi karatu.

Ta uku kuɗin mota. Cibiyar da aka tura ni tana ƙetaren kogi, wajen Barnawa. Daga gida keke zuwa bakin titi, bas zuwa cikin gari, wata motar ta ƙetare gada, haka kuma a dawo. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ta haura naira 600, direbobi kuma ba sa jin "haba Malam". Akwai ranakun da na zauna na lissafa, ko dai in je aji ko in sayi data, na zaɓi data.

Amma ban so in rasa zuwa, kuma ba don darasin kaɗai ba. Duk ɗan Kaduna ya san yadda garin ya rabu tun rikicin 2000, wasu suka koma arewacin kogi, wasu kudanci, har aka samu yaran da suka girma ba su taɓa zama kujera ɗaya da na wancan ɓangaren ba. A ajin nan ga 'yan Rigasa da Kawo, ga 'yan Narayi da Sabon Tasha, kowa na rigimar soket ɗaya. Wadda ta fi taimaka min da SQL, yaren da ake zaƙulo bayanai daga rumbun kwamfuta da shi, wata yarinya ce daga unguwar Television, ma'aikaciyar wani ɗakin gwajin jini. Tana kirana Mama, ni da ban ba ta shekara goma ba, na ƙyale ta.

Malaminmu matashi ne, bai kai ni shekaru ba, kuma ya san abin da bidiyon ba su sani ba, wato Turancin da ke cikinsu na Amurka ne ko na Indiya, mai gudu, da misalan shagunan da ba mu taɓa gani ba. Sai ya tsayar ya sake bayani da Turancinmu, in ya ga fuskoki ba su sake ba ya juya Hausa. Ranar da ya zo haɗa jadawalin bayanai biyu a SQL, cewa ya yi mu ɗauka ga rajistar aji ga littafin biyan kuɗin makaranta, me ya haɗa su? Lambar ɗalibi. Shi ke nan na gane, abin da na kwana ina maimaita bidiyonsa.

Aikin ƙarshe shi ne kowa ya nemo bayanai na gaske ya fitar da wani abu mai amfani. Yawanci sun sauko da na intanet, waɗanda an riga an gyara an share. Ni na roƙi shugabar makarantarmu ta ba ni makin ɗalibai na shekarun baya, da sharaɗin zan cire sunaye kafin kowa ya gani. A nan na san aikin. Yaro ɗaya a zango na farko Muhammad ne, na biyu Mohammed, na uku Moh'd, wani malamin kuma ya rubuta Muh'd da sunan kakansa a madadin na uba. A'isha, Aisha, Aishat, Aishatu. Unguwa ɗaya an rubuta ta U/Rimi, Ung. Rimi, Anguwan Rimi. A wajen maki wani ya sa 0 ga yaron da bai zo jarrabawa ba, wani ya bar wurin fayau, wani ya ja layi. Kwamfuta kuwa ba ta san Moh'd shi ne Muhammad ba, kuma in ka bar mata 0 ɗin nan za ta haɗa da shi ta ja matsakaicin ajin ƙasa. Aikin kamar tsintar shinkafa 'yar gida yake, tsintar ta fi dafuwar cin lokaci, kuma tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata loma. Na ba kowane yaro lamba, na bi layi-layi, wasu wuraren sai da na ɗauko takardun jarrabawa daga kabad na tabbatar.

Da na gama na zana, abu ya fito fili wanda mu malamai muka daɗe muna jin ƙamshinsa ba mu iya nunawa. Yaran da ake kora gida saboda kuɗin makaranta a tsakiyar zango, makinsu na lissafi ya fi na sauran darussa faɗuwa, kuma ba ya dawowa a zango na gaba. Dalilin ba boyayye ba ne, lissafi hawa-hawa ne, wanda bai ga darasin raba lamba ba, ba zai gane na gaba ba. Na kai wa shugaba, ta daɗe tana kallon zanen, ta ce in bar mata shi. Korar ba ta daina ba, makarantar kuɗi ce, amma yanzu ana yi wa waɗanda suka dawo darasin cike gurbi ranar Asabar.

Kafin mu kai nan ajin ya zube. Kujerun da a makon farko ake rigima a kansu, a ƙarshe jakunkuna muke ɗora musu. Na san da yawa daga cikin waɗanda suka bari, kuma ban yarda da masu cewa lalaci ne ba. Akwai wani mai POS daga Kawo, ya fi kowa saurin ganewa, amma duk yinin da ya zo aji ya rufe teburinsa ne, ranar babu ciniki. Akwai mai tuƙa keke da ke biyan balas kullum ko ya fita ko bai fita ba. Akwai matar da ba ta da Hajiyar da za ta riƙe mata yaro. Wasu kuma a kan laftof suka tsaya. An riƙa yin gasar nuna abin da ka koya, ana ba waɗanda suka yi fice kyaututtuka har da kwamfuta, abu mai kyau, sai dai kafin ka nuna abin da ka iya sai ka samu abin da za ka yi aikin a kansa. In ka duba mu da muka kai ƙarshe, kusan kowa akwai wanda ya tallafe shi a gida, ko wani ɗan albashi da ke shigowa. Ni ina da Yaya, da Hajiya, da mijin da ya biya kuɗin makarantar da na karkatar.

A ganina a nan lissafin irin waɗannan shirye-shirye yake samun giɓi, ba wannan kaɗai ba. Kaduna ba baƙuwar su ba ce. An yi Click-On Kaduna da tallafin Bankin Duniya a zamanin gwamnatin Malam Nasir El-Rufai, an yi wanda Google ya tallafa a 2023 don horar da mata 5,000. Kuɗin da ake warewa yakan tsaya a kan malami da darasi da wurin zama, saboda su ne ake iya ƙirgawa a ce an horar da mutum kaza. Abin da mai koyo zai ci, da abin da zai hau, da abin da ya rasa a yinin da ya bar sana'arsa, ba ya shiga takarda, alhali shi ke tantance wanda zai gama. Da a hannuna abin yake, da na rage yawan waɗanda za a ɗauka, na sa bambancin a data da kuɗin mota da ɗakin kwamfuta a kowace unguwa mai jama'a, wanda ke buɗe har dare kuma yana da sola. Rigasa kaɗai ta isa a ba ta irin wannan ɗaki fiye da ɗaya.

Da alama wasu a sama sun fara ganin haka. Shirin koyon sana'a da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar a 2025 a ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa ya zo da alawus na naira 22,500 a wata bayan karatu kyauta, kuma mafi yawan lokacin a wurin aikin hannu ake yin sa. Ba kuɗin da zai riƙe gida ba ne, amma zai kai mutum aji ya dawo da shi. Ita ma jiha a ƙarƙashin Gwamna Uba Sani ta gina cibiyoyin koyon sana'a a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf, waɗanda aka buɗe a watan Yunin 2025, ana koyar da walda da aikin famfo da haɗa sola da makamantansu. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE, wadda hedikwatarta a nan Kaduna take, ta daɗe tana ƙoƙarin ganin masu sana'a irin na kasuwar Panteka sun samu takardar shaida a kan abin da hannunsu ya riga ya iya. Ƙanena da ya nuna min shafin 3MTT, shi sola yake son koya, kuma ban hana shi ba. Mai haɗa sola a garin nan ba ya rubuta takardar neman aiki, maƙwabta ne ke buga masa ƙofa.

Ni kuwa na rubuta, da yawa. Satifiket ya fito, na gyara takardar bayanina, na buɗe shafi a LinkedIn, dandalin masu neman aiki, kamar yadda aka koya mana. Guraben da ake tallatawa galibi a Legas suke ko Abuja, kuma suna neman wanda ya yi shekaru yana aikin. Na daga gida da ake biya da dala, wanda kowa ke mafarki, yana son wuta da intanet da ba sa yankewa, da awannin da ni ina aji ko ina kicin. Wasu 'yan ajinmu sun samu, ciki har da yarinyar nan ta Television, wata ƙungiya mai aikin lafiya ta ɗauke ta tana haɗa musu rahoto. Na yi mata murna har zuciya.

Nawa ya zo ta hanyar da ba a koya mana ba. Mahaifin wata ɗalibata, Alhaji ne mai sayar da kayan masarufi a sari a babbar kasuwa, ya ji labarin zanen da na yi wa makaranta. Na je da satifiket ɗina a cikin leda, ko kallonsa bai yi ba.

"Malama, ajiye wannan. Ni so nake in san wa nake bi, nawa, tun yaushe."

Ya turo min littattafai masu baƙin bango, wasu da biro, wasu da fensir, wasu shafukan da ajami, waɗanda sai da na kai wa Baba ya karanta min. Masu karɓar kaya bashi an rubuta su da laƙabi, Dogo, Na Zariya, Mai Shayi, kuma Dogo ɗin uku ne. Excel kawai na yi amfani da shi, ko Power BI ban buɗe ba. Na tsara masa yadda duk bashin da ya wuce wata ɗaya zai koma ja, na koya wa yaron shagonsa shigar da na kullum a waya. Da ya ga jerin jajayen ya cire hula ya mayar, ya ɗauki waya ya fara kira tun ina zaune.

Yanzu duk ƙarshen wata nake zuwa in daidaita masa, yana biyana abin da ya kusa rabin albashina na makaranta, kuma ya haɗa ni da maƙwabcinsa mai sayar da atamfa. Koyarwa ina nan ina yi. Laftof ɗin Yaya har yanzu ita ce, ya fara tambaya, na shiga sabon adashi don in sayi tawa. Na nemi Alhaji ya ƙara min kuɗi tunda littafin shagonsa na biyu ma ya turo, ya ce in bari sai bayan Sallah.